Damin Gero da Jitar Tela

Bana ruwa bai yi mana da wasa ba. Rabon da rana ta wuni a sarari har na manta, bangon ɗakina ya jiƙe, tabarmar sallata ta fara fumfuna, masu keke mai ƙafa uku kuma sun daina shigowa layinmu saboda taɓo. Ina zaune a gidan ɗana ne a Gesse, kuma tagar ɗakin da suka ba ni tana kallon katangar maƙwabta. Maƙwabtan Kiristoci ne, mutanen wajen Filato, suna da wata budurwa mai koyon jita don waƙar coci. Duk Asabar bayan la'asar sai ta zauna ta yi ta fama, wuri guda take tuntuɓe kullum, ta koma farko, ta sake tuntuɓe. Jikokina sun ce ta ishe su, za su rufe mini taga kada feshi ya shigo. Nakan ce su bari, iska nake so. Ba iska nake so ba. Wata damina nake tunawa, wadda ta girmi ubansu.

Ni 'yar Nassarawa ce a nan Birnin Kebbi, aka kai ni aure Argungu, gidan masunta. Mijina ɗinki ya koya, kowa Tela yake ce masa, ni ma haka zan kira shi, don bakina bai kama sunansa ba yana raye, ba kuma zai fara yanzu ba. Mu huɗu ne a gidan: shi da ni, da mahaifinsa Baba, tsohon masunci wanda yakan ja salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, sai mahaifiyarsa Inna. Ranar da Inna ta fara ɗaukata zuwa gonar shinkafa a ƙetaren gulbi, jirgi na barin gaɓa na ƙwala ihu, na cafke ƙafar mai tuƙi na ce a mayar da ni tudu. Kafin mu dawo labari ya riga mu gida. An daɗe ana yi mini dariyar wannan a Argungu.

Shekarar da ake ta maganar Turawa za su miƙa mulki, wasunsu suka fara haɗa kaya, abin da ba za su iya ɗauka ba kuma a yi gwanjonsa. A ƙarshen bazara ne, zafi kamar a bakin murhu, Tela ya kawo ni ganin gida a motar kasuwa, muna zaune bisa buhunan busasshen kifi. Kusa da gidan mahaifina akwai wani Bitrus, kukun wani Bature, da matarsa Rifkatu, wadda ta girme ni kaɗan kuma ita ta koya mini saƙar hula. Bitrus ne ya ce wa Tela gobe za a yi gwanjon kayan maigidansa. Ni kuwa dama gara ta shiga adudun zannuwana ta yi mini ɓarna, sai na roƙe shi ya samo mini akwatin ƙarfe. Ya ce in sa a raina na samu.

Da azahar sai ga shi ya shigo da wani abu rungume a ƙirji, an naɗe shi da tsohon bargo. Ya kwance, sai ga jita, ta sha jiki, gefenta ya tsage, tsirkiya biyu kaɗai suka rage mata.

Na ce, "Malam, ina akwatin?"

Ya ce, "Kulu, akwati rububinai anka yi. Wagga ko ba wanda yad dube ta, sai ta ba ni tausai."

"To, cikin raminga nata zan riƙa aje zannuwana?"

Rifkatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban yi ba. Na yi fushi tun daga Birnin Kebbi har Argungu, na juya masa ƙeya a mota, shi kuwa ya kare abarsa daga rana da rigarsa, ya bar kansa a waje.

Wanda bai san zamanin ba sai na yi masa bayani. A lokacin kiɗa gado ne. Kowace ganga da gidanta, kowane makaɗi da ubangidan da yake yi wa, kuma wanda ya yi kiɗa aka ba shi kyauta ya karɓa, maroƙi ne, ko ya so ko bai so ba. Ba a ƙin makaɗa, ana jin daɗinsu, ana ba su riga da hatsi. Amma gida irin na Baba ba ya fitar da maroƙi, ba a kuma ba mai roƙo gaban sahu. Tela tun yana yaro hannunsa ba ya zama, in ya ga ƙwarya a kife sai ya taɓa, ya sha duka a kan haka. Da ya ga jita sai ya ga ya samu hanya. Wannan ba kalangu ba ce, ba goge ba, ba ta da gida a ƙasar Kabi, ba wanda zai ce ta wane ce.

Baba ya juya ta, ya leƙa ramin, ya shinshina. Ya ce, "Wane gida ka kiɗa wagga?"

Tela ya ce, "Ba ta da gida, Baba. Bature ka wasa da ita in ya taso aiki."

Baba ya miƙa masa. "In abin wasan Nasara na, yi wasanka cikin gida. Amma kak ka yarda a ba ka ko goro bisa kanta."

Ya liƙe tsagar da ƙaro, ya warware wayar birkin keke ya ƙara tsirkiya, ya ɗaure ta yadda kunnensa ya ba shi, irin ɗaurin molo. Har riga ya ɗinka mata da ragowar ƙyallaye, kala-kala, mai maɓalli. Ni da na nemi akwati, ina kallo jita ta riga ni samun sutura.

Sai damina ta zo da wuri. Aka yi ruwa mai kyau, kowa ya yi murna ya fita shuka, gero ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta ɗauke. Kullum hadari ya haɗu a gabas da yamma, ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. Shukar ta yi yaushi, ta kwanta, ta ƙone muna kallo. Da ruwa ya dawo dole aka sake shuka, kuma da hatsin da muka ajiye don ci aka yi. Shinkafarmu ta bara kuwa dama ambaliya ta cinye fiye da rabi. Ranar da Baba ya shiga rumbu ya fito da ƙwarya ba ta cika ba, ƙaiƙayi a gemunsa, sai ya wuce zaure. A ranar Inna ta rage awo.

Da ruwan ya dawo kuma sai ya ƙi tsayawa. Gulbi ya cika ya bazu cikin fadama, kifi ya watse cikin ciyawa, Baba ya wuni da homar kamun kifi ya dawo da 'yan ƙananan da ba su rufe tafin hannu ba. Ba wanda ke ɗinka riga da yunwa, keken Tela ya zauna a rufe har ya fara tsatsa. Hanyar Birnin Kebbi ta yanke, mota ba ta zuwa. Ni kuma ga ciki, na fari, ya fara fitowa.

Ga yadda wuni yake. Da asuba Tela ya tafi gona da ruwa kawai a cikinsa. Inna ta ɗauki ƙwarya ta shiga jeji neman tafasa da rama da yaɗiya. Ni in share ruwan da ya kwana a tsakar gida, in zubar da kwanonin da muka tara wa yoyo, in yi ta hura jiƙaƙƙen itace har idona ya yi ja. Da akwai ƙuli-ƙuli muna kwaɗo, da ya ƙare muka koma ganye da gishiri. Aka daka dusa aka yi tuwonta, mai kartar maƙogwaro. Aka shiga cin bado, wanda Inna ke tsinkowa cikin ruwa har ƙugu, ta dawo da matsattsaku a ƙafa. Sau ɗaya ake ci, bayan magariba. Da rana Inna takan ɗora tukunya da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi, kuma na san su ma abin da suke yi ke nan. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai. Baki ya yi ɗaci, kunne ya riƙa ƙara, in ka miƙe tsaye duniya ta yi duhu sai ka dafa bango. Ƙafafuna suka kumbura, in na danna da yatsa wurin ya daɗe bai ciko ba. Wata rana ina daka na farka na gan ni kwance gefen turmi, Inna na yayyafa mini ruwa.

Abu ɗaya ne bai ragu ba a gidan. Bayan la'asar Tela ya wanke taɓon ƙafarsa, ya cire wa jita riga, in akwai 'yar rana ya shanya ta don danshi ya sake ta, sannan ya zauna ƙarƙashin rumfa. Da fari kwaɗin fadama sun fi shi daɗin ji, gaskiya ce. Amma kafin tsakiyar damina hannunsa ya faɗa. Inna takan ce ita ba ruwanta da shirme, amma mazarinta da kiɗan yake juyawa. Baba yana zaure yana gyaran homa, ya ba mu baya, babban yatsan ƙafarsa na motsi. Har waƙa Tela ya yi mini, ta tsokana:

Kulu ɗiyar birni, mai tsoron jirgi,
Ta riƙe ƙahwar mai tuƙi ta ce a mai da ta tudu.
Gulbi ya ce a gaishe ki, Kulu, ni ban cin baƙo.

Nakan jefe shi da ɓawon rama, in rufe fuska saboda kunyar surukai, amma ina so. Muddin yana yi ba na jin ƙarar kunnen nan. Na ce masa waƙar ta yi gajarta. Ya ce, "Bari a yi girbi, ciki ya cika, in yi mata wutsiya."

Ana cikin haka Sarkin Noma na unguwarmu ya kira gayya, don maimai ya fi ƙarfinsa, ciyawa na neman cinye masa gero. Shi kaɗai ne rumbunsa ke da sauran nauyi. Ba a biyan kowa a gayya, fura ce da tuwo da godiya, amma a wannan shekarar fura da tuwo sun isa su tara gari. Inna ta ja ni cikin mata masu kai abinci, ba don ina da ƙarfin ɗaukar komai ba, don in samu in ci.

Muka tarar aiki ba ya tafiya. Tsohon da ke kiɗan gangar noma zazzaɓi ya kwantar da shi, ba wanda ya zo a madadinsa. Maza sun sunkuya, kowa da nasa saran, ba kuzari, wani ya yi ɗan nisa ya tsaya ya dafa hauya. Ga hadari ya fara taruwa, in kuma ya sauka an tashi ke nan. Sai wani abokin Tela ya ce, "Kai, ɗauko abin nan naka mana, ko mun samu abin bi." Tela ya fara noƙewa. Aka yi ta zuga shi, ya yar da hauya ya ruga gida.

Jita ba ta da amon da zai cika gona, sai wani ya kife gorar kamun kifi yana buga masa da tafi. Tela ya rataya ta a wuya da igiya, ya shiga gaban sahu yana ja da baya. Ya kama sunan kowa da na ubansa, ya tsokani mai jinkiri, ya kambama na gaba, ya ce wa wani hauyarsa ta fi shi jin yunwa. Aka fashe da dariya, hauyoyi suka fara tashi tare suna sauka tare. Mutanen da ɗazu ba su iya ɗaga kai ba suka shiga rige-rige. Ban taɓa jin muryarsa a fili ba sai ran nan, ashe a gida danne ta yake yi. Na yi alfahari da shi, har na manta da ciki da kumburi, na ji ina ma a ce kowa ya san mijina ne. Aka kai ƙarshen gona iska na fara kaɗawa.

Sarkin Noma mutumin kirki ne, bai nufi sharri ba. Daɗi ne ya kama shi. Dama ya ware damin gero na makaɗi, kamar yadda ake yi, sai ya ɗaga murya kowa na ji ya ce, "Damin makaɗi, a kai shi gidan su Tela!" Mata suka rangaɗa guɗa. Na juya in yi wa Inna murna, na ga fuskarta ta canza. Ta damƙe mini hannu ta ce, "Tashi mu tahi."

Kafin magariba jaki ya sauke damin a tsakar gidanmu. Babba ne, geron bara, an ɗaure shi tam da igiyar kaba. Yayyafi ya fara. Baba ya fito daga zaure da wuƙar gyaran homa a hannu, labari ya riga ya same shi. Ni ina bakin ƙofar ɗakina, a bayan asabari.

Tela ya durƙusa ya ce, "Baba, ba roƙo niy yi ba. Taimako na."

Baba ya ce, "Wanda yab ba ka bai tambaye ka ba. Gari dut ya ji sunan da anka kira damin ga." Bai ɗaga murya ba, shi ma yunwar ta rage masa ita. "Ga hanya biyu. A mai da shi yanzu da igiyarshi, a ba Sarkin Noma haƙuri, ka ci gaba da wasanka cikin gida, ba mai cewa komi. In ko anka ci shi, to an ci da kiɗa, sau guda ya zama. Ba ya zama biyu ina raye, ko bayan raina. Hanya na buɗewa abin kiɗan ga ya bar gidan ga, ba ya sake kwana ciki."

Ya ajiye wuƙar a kan turmi ya koma zaure. Inna ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya tambaye ni. Amma yayyafin ya taɓa geron, ƙamshinsa ya taso, yawu ya cika mini baki har na ji kunyar haɗiyewa kada a ji. Tela ya daɗe a durƙushe. Ya dubi rumfar da jita ke jingine. Sannan ya dubi ƙasan asabari, inda ƙafafuna suka leƙo, don su kaɗai ake gani. Ya tashi ya ɗauki wuƙar, ya yanke igiyar. Damin ya baje. Ya kwashi zangarniya cike da hannu biyu ya ajiye gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Inna, a sussuka tun ruwa bai yi ƙarhi ba."

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa cin tuwo mai daɗin na ran nan ba, kafinsa da bayansa, har Makka na je ban ci ba. Na cinye na suɗe kwano. Tela yana ta ba'a, wai ashe ɗiyar birni ta fi masunta loma. Da safe na ga jita cikin rigarta, an ɓalla maɓallan har wuya, a rataye bayan ƙofa. La'asar ta yi, ya wanke ƙafa, ya zauna ƙarƙashin rumfa hannu biyu a kan gwiwa. Ran nan na ji yadda gidanmu yake da shiru.

Geron ya riƙe mu. Kumburin ya saɓe, na daina ganin duhu. Amma sunan ya bi shi. In ya wuce majalisa sai a ce, "Makaɗi, yau ba a taɓa muna?" Wani ya yi sallama har zaure yana neman ya zo kiɗan suna, ya ce ba za a ji kunya ba wajen kyauta, Baba na zaune yana ji. Baba ya yi kwanaki bai shiga gaban sahu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba a daɗe ba sabon gero ya nuna, yara suka fara gasa tumu, gari ya cika da ƙamshi. Saura ƙiris ne ashe. Na sha cewa a raina da mun sani da mun daure. Amma ba wanda ya sani, kuma ban san ko ni da abin da ke cikina za mu kai ba.

Da ruwa ya ja baya hanya ta buɗe, daidai lokacin shagalin samun 'yancin kai. Aka aiko a ce Tela ya zo filin makaranta ya yi wasa, ya ce yana da tafiya. Tafiyar kuwa tawa ce, zai kai ni gida goyon ciki. Muka hau motar kasuwa, 'yan makaranta na bin gefen hanya da 'yan tutoci kore da fari, kowa na murna. Jita na kan cinyarsa, bai buɗe ta ba. A Nassarawa ya miƙa wa Bitrus, ya ce ya bar masa. Bitrus ya ce shi bai iya ba, ajiya dai zai karɓa. Bayan wata biyu na haifi 'yar farina, lafiyayya, mai ƙarfin kuka.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ɗinki ya karɓe shi, muka yi rufin kwano, ya saya mini akwatin ƙarfe har biyu. Aka manta da sunan makaɗi, har shi ma ya riƙa jan salla. Bayan rasuwar Baba na ce masa ya je ya ɗauko abarsa, yanzu wa zai hana. Ya ce, "Na sai da ta da gero, Kulu, kuma an ci geron." Ban sake ji ya yi ko ɗan ƙunƙuni na waƙa ba, ko a kan keke. 'Ya'yanmu sun tashi sun san ubansu mutum ne mai barkwanci, amma da na ce musu ya iya waƙa dariya suka yi. Abin da kawai na lura, ba ya aike sayen zare da yadi. Ko da ya yi yaran shago, shi da kansa yake zuwa Birnin Kebbi, ya tafi da safe ya dawo da yamma fuska a sake, da tsarabar burodi. Nakan ce masa zaren Birni dai akwai daɗin saye.

Da Tela ya rasu, bayan an watse daga zaman makoki, sai ga Rifkatu a motar haya, ta tsufa, da sanda, Bitrus ya riga ya rasu. Muka rungume juna muka yi kuka. Da muka natsu ta ce, "Kulu, akwai abin da ya ce kada in faɗa. Amma yanzu ba ya nan, ni ma na kusa."

Ashe duk zuwan da yake yi, in ya gama sayayya sai ya biya gidansu. Bitrus ya buɗe masa ɗakin baya, ya cire wa jita riga, ya zauna shi kaɗai daga azahar zuwa la'asar. Ba ya shan ko ruwan gidan sai ya mayar da ita ya fito waje, don kada ya zama an ba shi wani abu a kanta. Rifkatu tana tsakar gida tana aikinta tana ji, shekara da shekaru.

Na ce, "Mi yaka waƙa?"

Ta ce, "Waƙa ɗaya ce. Ta wata mai tsoron jirgi."

Sai ta fara rera mini da tsohuwar muryarta, da Hausarta ta mutanen dutse. Farkon na san shi. Daga nan ta shiga abin da ban taɓa ji ba. Akwai baitin ƙafafun da suka leƙo ƙasan asabari. Akwai na kowane ɗa da na haifa, har da wanda ƙyanda ta ɗauke mana. Akwai na akwatin ƙarfe, akwai na ranar da ya fara ganin furfura a kaina ya yi shiru bai faɗa ba. Rayuwata ce kaf, wata mata ta haddace ta tana wanke-wanke, ni mai ita ina Argungu ina jiran burodi.

Na ce, "Don mi bai gaya min ba? Ai da na biyo shi."

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce in kin ji sau ɗaya za ki ce a mayar da ita gida, shi kuma bai iya ce miki a'a ba, ga shi ya riga ya ba Baba baki."

Na yi murna da bai rasa abarsa ba, Allah ya sani. Amma na ji haushinsa kamar in tashe shi in yi masa faɗa, kuma har yau ban gama hucewa ba. Da ya bar ni na zauna ko a bayan ƙofa ne, ba zan ce komai ba. Na tambayi jitar, Rifkatu ta ce da ciwo ya hana shi zuwa, gara ta shiga ɗakin bayan ta cinye ta, sai wayoyi da maɓallai aka tarar. Garar da ta sa na nemi akwati tun farko.

Ta ce ya yi wa waƙar wutsiya, a zuwansa na ƙarshe, kuma ta fi duk sauran daɗi, har ta ajiye tsintsiya ta tsaya ji. Ta rufe ido, ta kama kiɗan da hanci, ta kai bakin wurin ta tsaya. Ta koma farko, ta sake zuwa, ta sake tsayawa. Sau ɗaya ta ji baitin. Ta ce in ba ta lokaci, zai dawo mata, za ta aiko. Ba ta kai damina ta gaba ba.

Yau Asabar. Ruwa ya ɗan tsagaita, gidan nan buhun shinkafa har biyu ne a ɗakin ajiya, yara na ta ƙorafin an cika yin tuwo. Yarinyar maƙwabta ta fara, ta kai wurin da take tuntuɓe, ta koma farko. Jikata ta leƙo ta ce, "Kaka, feshi fa yana jiƙa miki gado."

Na ce ta ja gadon, ta bar tagar.